Ɗibar ruwa da shiga ruwa: abin da harshe da adabin Hausa ke nunawa

1. Gabatarwa

Wannan rubutu yana duba matsayin ruwa cikin harshen Hausa da adabinsa, musamman yadda ake magana a kudancin Nijar. Abin da muke son nunawa shi ne, Hausa tana da wadatar kalmomi bisa neman ruwa da ɗibarsa da ajiyarsa, amma idan aka zo ga shiga ruwa, wato iyo, kalmomin kaɗan ne, kuma mafi yawan maganganun da ke akwai gargaɗi ne. Wannan bambanci yana da tushe cikin yanayin ƙasa. Yana kuma da sakamako a yau, tun da ambaliya ke kawo ruwa har cikin gidajen mutanen da ba su koyi fita daga cikinsa ba.

2. Yanayin ƙasa

Kogin Isa, wanda ake kira Kwara a Nijeriya, shi ne babban ruwa mai gudana a Nijar. Yana ratsa yammacin ƙasa tsawon kilomita kamar 550, ta Tilaberi da Yamai da Gaya, kuma mafi yawan mazauna bakinsa Zabarmawa ne da Songai da Dandawa. Ƙasar Hausa kuwa, daga Dogon Dutsi zuwa Adar da Gobir da Maraɗi da Damagaram, ruwanta na ɗan lokaci ne. Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba da Majiya suna kawo ruwa da damina, su janye da rani. Tabkunan da ke riƙe ruwa shekara duka, irin na Madarumfa da Tabalak da Gidimuni, ƙidayayyu ne. Saura duk rijiya ce. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Shi kansa kogin Isa ya tsaya da gudu a Yamai cikin watan Yuni na 1985, bayan farin 1984. Ke nan ga Bahaushen wannan yanki ruwa abu ne da ake jira daga sama ko a tono daga ƙasa.

3. Kalmomi

Kalmar ruwa namiji ce tilo a daidaitacciyar Hausa: ruwa ya zo. A karin harshen yamma kuwa, kamar na Adar da Gobir da Sakkwato, ana ɗaukar ta jam'i: ruwa sun zo. Ga rukunin kalmomin da suka rataya gare ta:

(1) wurin ruwa: rijiya, tabki, kududdufi, gulbi, kogi, rafi, ƙorama, fadama, marmaro;
(2) ruwan sama: hadari, yayyafi, tsattsafi, marka, mamako, ƙanƙara;
(3) kayan ɗiba da ajiya: guga, wasaki, igiya, tulu, randa, salka, gora, jallo, buta;
(4) shiga ruwa: iyo, ninƙaya, nutso.

Rukuni na (3) yana ƙaruwa har yanzu ta hanyar aro, misali famfo, da foraji da bido daga Faransanci. Har sana'ar mai sayar da ruwa ta samu suna daga kiran da yake yi: ga ruwa ya zama garuwa. Rukuni na (4) kuwa bai wuce kalmomi uku ba a bakin yawancin mutane, kuma iyo da ninƙaya kusan ma'anarsu ɗaya. Dukansu sunaye ne da ke bukatar aikatau yi: ya yi iyo, ya yi nutso. Gwanintar kanta ana faɗin ta da iya ruwa.

Haka abin yake ga ma'anoni na aro. Ba ruwana nisanta kai ne daga magana. Kuɗin ruwa ƙari ne bisa bashi. Ruwan ido kasa zaɓe ne. Nema ruwa a jallo nema ne na gaggawa. Shan ruwa buɗa baki ne da azumi. Launuka da yawa da ruwa ake ambaton su: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa. Gaisuwar damina ita ce ina ruwa, a amsa da ruwa ya yi gyara. Cikin dukan waɗannan, ruwan da ake nufi shi ne wanda ake sha, ko ake zubawa, ko ake jira.

Idan mutum ya shiga ciki, ginin jimla ma yana juyawa. A duba:

(5) Yarinya ta ɗebo ruwa.
(6) Ruwa ya ci yarinya.

A (5) mutum ne mai aikatawa, ruwa abin aikatawa. A (6) ruwa ya zama mai aikatawa, ya ɗauki aikatau ci, wanda ake yi ma wuta da kura da yaƙi. Faransanci yana cewa « elle s'est noyée », ya bar mutum a matsayin mai aiki. Hausa tana ba ruwa baki.

4. Karin magana da labari

Karin maganar da suka shafi shiga ruwa suna bin wannan hanya. Ana cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ana cewa ana ruwa ya ci makaɗi, kana ganga ta jiƙe. Ana kuma cewa iya ruwa fidda kai. Biyun farko suna ɗaukar halaka cikin ruwa a matsayin misalin babbar masifa. Na ukun yana auna gwaninta da abu guda: fitowa da rai. Akasin haka, karin maganar rijiya na ƙarfafa guiwa ne, kamar ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Labarin asalin Hausa Bakwai labarin rijiya ne. Maciji ya hana mutanen Daura ɗibar ruwan Kusugu sai ranar Juma'a, baƙo Bayajida ya kashe shi, ya auri sarauniya Daurama. Sarauta ta samu ga wanda ya buɗe hanyar ɗiba. A rubutaccen adabi, littafin Abubakar Imam, Ruwan Bagaja, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tafiya ce ta neman ruwan magani domin ɗan sarki. Nan ma ruwa abu ne mai nisa da ake zuwa a ɗebo a kawo gida. A tatsuniya kuwa kogi gidan Dodo ne, wurin da ake yin alkawali mai tsada kafin a ƙetare. Bori yana da Sarkin Rafi, kuma iyaye suna tsorata yara da ƴan ruwa. Tsoratarwar tana da amfaninta, don takan nisanta ƙaramin yaro daga bakin tabki. Amma ba ta hana ɗan shekara goma bin abokai wankan tabki a ɓoye, inda yake koyon iyo babu babba kusa.

5. Masu ruwa

Akwai Hausar da ta san cikin ruwa, ita ce ta masunta. Sarkawa na Kabi da Yawuri da yankin Gaya, waɗanda sunansu ke da dangantaka da Sorko na Songai, sana'arsu ke nan tun kaka da kakanni, kuma suna da sarautar sarkin ruwa. A bikin kamun kifi na Argungu masunci yana kwanciya bisa babban gora yana iyo da koma a hannu, kuma ana yin gasar ninƙaya da nutso da kamun agwagwar ruwa. Jean Rouch ya ɗauki farautar dorina ta Sorko a fim ɗinsa Bataille sur le grand fleuve a farkon shekarun 1950. Sanin waɗannan mutane gado ne na gida, haɗe da asiri da magani, shi ya sa bai bazu cikin Hausar manomi da ɗan birni ba.

6. Abin da ya sake

Ambaliya ba baƙuwa ba ce: a 1945 gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, aka tayar da shi zuwa tudu. Amma ta yawaita. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shinge ya shiga unguwanni. A daminar 2024 sama da mutum 300 suka rasu a Nijar, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu. Jihar Maraɗi ce ta fi yawan mamata, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe, aka kuma ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. Ramukan da ake haƙa don yin tubali a bakin gari suna cika su zama tarkon yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kamar 300,000 ruwa ya ci a duniya cikin 2021, kuma a wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli don faɗakarwa bisa wannan haɗari.

Mai fassara sanarwa daga Faransanci yana cin karo da giɓin nan take. « Noyade » ba ta da suna guda a Hausa: nutsewa ta haɗa mutum da jirgi da guga, ruwa ya ci mutum kuwa jimla ce. Ambaliya ita kaɗai ke ɗaukar « crue » da « inondation », alhali cikar kogi da ake gani tafe kwana da kwanaki dabam take da ruwan da ke gangarowa cikin dare guda.

7. Kammalawa

Aiki biyu ke gaban masu nazarin harshe. Na farko, a tattara kalmomin masunta na Gaya da Madarumfa da Tabalak bisa zurfi da igiyar ruwa da hanyoyin ceto, kafin a ƙirƙiri sababbi a ofis. Na biyu, a shigar da su cikin littattafan karatu na makarantun harshe biyu, waɗanda aka fara gwadawa a Damagaram tun 1973, da cikin shirye-shiryen rediyon karkara. Manufar koyarwar tana nan cikin karin maganar da muka ambata. Iya ruwa da ake bukata ga yaron Maraɗi ko Tawa shi ne ya san yadda zai tsaya bisa ruwa, ya numfasa, ya kai gaɓa, ya kuma san cewa ana miƙa ma wanda ruwa ke ci sanda ko igiya ko bido, ba a faɗawa bayansa.