Yanar Ido da Makantar Tsofaffinmu

A Anka, Gummi ko Bukkuyum, idan dattijo ya fara lalube, ya daina cin kasuwa, sai jika ya ja shi zuwa masallaci, abin da ake cewa shi ne, "Ai girma ne ya zo." A yi masa shimfiɗa a zaure, shi ke nan. Alhali galibin irin wannan makantar tana da magani.

Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa mutum 4 cikin kowane 100 da suka kai shekara 40 makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ana iya hana ta ko a warkar da ita. Yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43.

A bayan ƙwayar baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai da haske ke ratsawa. Shekaru, ciwon suga, hayaƙin taba da hasken rana kan sa ya yi fari, wannan ita ce yana. Mutum ya riƙa gani dishi-dishi kamar ranar da hazo ya sauko, har ya koma ba ya bambance komai sai dare da rana. Ba a wanke yana da ɗigo, tozali ko tofi. Likita kan kashe zafin wurin, ya ciro madubin da ya lalace, ya sa na roba, cikin abin da bai fi rabin awa ba. Washegari a cire bandeji.

Inda gizo ke saƙa shi ne masu aikin ido na gargajiya da ke bin ƙauyuka ranar kasuwa. Sukan soka tsinke ko allura su ture madubin ya faɗa can cikin ido. Nan take haske ya shiga, tsoho ya ga inuwar jama'a, a yi ta kabbara, mai aiki ya karɓi kuɗinsa ya kama hanya. Kumburi, ruwa da azabar ciwo sai bayan kwanaki. Wancan binciken ya nuna kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanyar aka bi, kuma kusan uku cikin huɗu nasu sun makance. Ban ga laifin iyalan da ke kai iyayensu ba sosai: mai tsinke har ƙofar gida yake zuwa, asibitin ido kuwa sai Gusau, Sakkwato, Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ECWA na Kano, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya a wannan zamani na 'yan bindiga. Amma idon da aka soka, sau da yawa ko likita ba ya iya ceto shi.

Yankin nan ya san ana iya cin ƙarfin makanta. Ƙauyukan bakin gulbi a Anka da Bukkuyum sun sha fama da makantar da ƙudan rafi ke yaɗawa, sai da aka yi shekaru ana raba ƙwayar Mectizan gida-gida, da tallafin ƙungiyar Sightsavers, sannan ta lafa.

A wancan binciken, hawan jinin ido shi ne na biyu bayan yana wajen jawo makanta, da kusan kashi 17, kuma halinsa daban. Ba ciwo, ba fari a ido, yana cin gani ne daga gefe, abin da ya cinye kuma ba ya dawowa. Yana bin jini. Duk wanda ya haura 40, musamman idan mahaifi ko yayansa ya makance ido garau, ya kamata a auna masa ƙarfin ruwan ido ko da yana gani sarai. Haka mai ciwon suga, a leƙa masa cikin ido sau ɗaya a shekara. Wanda aka ba ɗigon hawan jinin ido kuma, ya sani ba a dainawa don kwalba ta ƙare.