Sana'ar Maza, Sana'ar Mata, Da Ciwon Zuciya

Duk wanda ya zaga ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ya san yadda aka raba aiki. Maza ke fadama wajen albasa da shinkafa, su ke tuƙin mota, su ne kuma mafi yawa a kujerun ofis. Mata kuwa suna gida wajen daka da girki. To, masana sun gano cewa kowane aiki yana da irin nauyin da yake ɗora wa zuciya.

Bugun zuciya shi ne toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini. A 1953 Likita Jeremy Morris ya binciki ma'aikatan motocin safa na birnin Landan, ya tarar direbobi, masu wuni a zaune, sun fi kamuwa da shi bisa ga kwandastoci masu hawa da sauka a bene. Wannan gargaɗi ne gare mu akawuna da malaman makaranta. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa aikin sa'a 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar jiki, kashi 72 cikin ɗari maza ne.

Amma kada mu ɗauka mata sun tsira. Hayaƙin itace da mace ke shaƙa kullum a madafa yana ɓata jijiyoyin jini. Sa'an nan alamun ciwon a jikinta kan zo a ɓoye, watau haki, da tashin zuciya, da ciwon baya ko muƙamuƙi, sai a ce gajiya ce. Ga kuma kunya, wadda kan hana ta faɗa wa malamin asibiti namiji abin da ke damunta.

A 2018 an buga wani bincike kan majiyyata fiye da 500,000 a jihar Florida ta Amurka. An ga matan da bugun zuciya ya kama sun fi tsira a hannun likita mace, kuma likita namiji ya fi iya jinyarsu in yana aiki tare da mata da yawa. Ashe rabon aiki tsakanin maza da mata maganar rai ce.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan hanya. Nana Asma'u, 'yar'uwar Sarkin Musulmi Bello wanda kabarinsa ke Wurno, ta horar da jajoji suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata 'yan'uwansu. Yarinyar da muka riƙe a aji yau har ta gama, ita ce za ta auna jinin iyayenmu mata gobe.

Saboda haka mu roƙi iyaye su bar 'yan mata su kammala karatu. Mu kanmu kuma mu riƙa tafiya a ƙasa, mu rage gishiri, mu bar taba, mu je a auna mana hawan jini. Allah ya ba mu lafiya, amin.