KUƊIN KIRIFTO: WA KE RIƘE DA LINZAMIN FARASHINSA?

A ƙaramar hukumar Lau ta Jihar Taraba, a gaɓar Kogin Binuwai, jama'a sun dogara ne ga noman shinkafa da kamun kifi da kiwo. Kowane manomi a can ya san abubuwan da ke motsa farashin buhun shinkafa, watau damina, da ambaliya, da tsadar taki, da kuɗin mota zuwa Jalingo. To, amma yanzu wata sabuwar haja ta shigo ta wayar salula, wadda ake kira kirifto, kuma akwai masu kwaɗayin zuba ribar kakarsu a cikinta ba tare da sanin abin da ke hawar da farashinta ko saukar da shi ba. An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan jama'a.

MENE NE KIRIFTO?

Kirifto kuɗi ne wanda ba takarda ba ne, ba sulalla ba ne. Lissafi ne da ke ajiye a cikin kwamfutoci masu yawa a faɗin duniya. Na farkonsu, Bitcoin, ya fito a shekarar 2009. Da yake babu gwamnatin da ta buga shi, waɗansu suna zaton ya fi ƙarfin kowace hukuma. Wannan zato kuskure ne. Hannuwa uku ne ke jan linzaminsa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke hannun mai saye.

HANNU NA FARKO: BABBAN BANKIN AMURKA

Da dala ake auna farashin kirifto. Idan Babban Bankin Amurka ya rage kuɗin ruwa, rance yakan yi araha, sai masu jari su tsunduma cikin cinikin kasada. Idan kuwa ya ƙara, sai su janye dukiyarsu zuwa inda riba take tabbatacciya. A watan Nuwamba na 2021, lokacin da kuɗin ruwa a Amurka yake kusa da sifiri, Bitcoin ɗaya ya kai kusan dala 69,000. Daga watan Maris na 2022 bankin ya shiga ƙara kuɗin ruwa, har ya haura kashi 5 cikin 100 a 2023. A watan Nuwamba na 2022 Bitcoin ya faɗo zuwa wajen dala 16,000, kuma a wannan watan ne babbar kasuwar kirifto ta FTX ta durƙushe. Wanda ya saya a kan tsada, kashi uku cikin huɗu na dukiyarsa ya salwanta.

HANNU NA BIYU: BABBAN BANKIN NIJERIYA

Ɗan Nijeriya da naira yake saye, da naira kuma yake sayarwa, saboda haka matakan Babban Bankin Nijeriya suna shafarsa kai tsaye. Ran 5 ga Fabrairu, 1921 ba a san wannan haja ba, amma ran 5 ga Fabrairu, 2021 sai da bankin ya hana bankuna hulɗa da masu cinikinta. An ɗage hanin a watan Disamba na 2023, bisa sharuɗɗa.

Bugu da ƙari, a watan Yuni na 2023 bankin ya bar kasuwa ta yanke darajar naira. Dala ta yi ta hawa, har ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage a watan Fabrairu na 2024. Mutane da yawa suka ruga sayen USDT, wani nau'in kirifto da aka ɗaure darajarsa da dala. Sai bankin ya ƙara kuɗin ruwa, ya ɗauki waɗansu matakai, dala ta sauko zuwa wajen naira 1,100 a watan Afrilu. Wanda ya saya a ƙarshen Fabrairu ya sayar a Afrilu ya yi babbar asara, alhali dalarsa ba ta ragu ba. A watan Maris na wannan shekarar kuma kamfanin Binance ya daina cinikin naira, bayan saɓaninsa da hukuma.

HANNU NA UKU: RIGINGIMUN ƘASASHE

Manomin Lau bai manta da yadda taki ya yi tsada ba bayan da Rasha ta kai wa Ukraine yaƙi ran 24 ga Fabrairu, 2022. A wannan ranar farashin Bitcoin ya faɗi cikin sa'o'i kaɗan. Haka aka sake gani ran 13 ga Afrilu, 2024, da Iran ta kai wa Isra'ila hari. Ranar Asabar ce, kasuwannin hannun jari suna rufe, ita kuwa kasuwar kirifto ba ta rufewa dare da rana, don haka a kanta tsoron masu jari ya fara sauka. A watan Oktoba na 2025 ma, barazanar da Amurka ta yi na ƙara haraji a kan kayan Sin ta jawo aka rufe cinikin masu saye da bashi na kimanin dala miliyan dubu 19 a cikin kwana guda.

ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU KIYAYE

Dokar zuba jari ta 2025 ta sa kirifto a ƙarƙashin kulawar hukumar SEC, mai lura da kasuwar hannun jari. Lalle ne kowa ya bincika ko kamfani yana da rajista da hukumar kafin ya miƙa masa ko kwabo. Sai dai a sani, rajista ba ta hana farashi faɗuwa. Har ila yau, hukumar NDIC, mai inshorar ajiyar banki, ba ta biyan diyyar asarar kirifto.

Duk wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, a guje shi. Abin da ya sami masu ajiya a MMM a 2016 da CBEX a 2025 ya isa ishara. Kada a zuba kuɗin iri, ko na taki, ko na makarantar yara, kada kuma a ci bashi domin saye. Mai gona a Lau yana ganin hadari kafin ruwa ya sauka, amma hadarin wannan kasuwa a ƙasashe masu nisa yake haɗuwa. Rigakafi ya fi magani.