Dutse Mai Ƙyalli Daga Tsohon Rami: Kada Ya Shiga Ɗakinki

Uwargida mai juna biyu, idan kina zaune a Manga ko wani ƙauye na ƙasar Zuru, kin san ana haƙar zinare a yankinmu. Yara kan tsinto duwatsu masu kyawun launi a bakin ramukan da aka daina haƙa, su kawo gida don wasa ko ado. Wasu daga cikin duwatsun nan guba ne.

Akwai wani shuɗi, kamar bular wanki, da ke tsirowa a bangon tsofaffin ramuka inda akwai jan ƙarfe. A ƙasashen Turai masu sha'awar tara duwatsu suna rufe shi cikin gilashi. Ruwa na narkar da shi, haka ma yawu. Yaron da ya tsotse shi zai iya yin amai da ciwon ciki, idan ya yi yawa ya taɓa hanta da ƙoda.

Wanda ya fi addabarmu shi ne dutse mai dalma, baƙi-baƙi mai walƙiya, irin wanda ake niƙawa a yi kwalli. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, maƙwabtanmu. Ana daka dutsen zinare ne a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A 2015 an sake ganin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Dalmar da ta shiga jininki tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan da ke cikinki. Tana iya jawo ɓari, haihuwar bakwaini, hawan jini, ko ta taɓa ƙwaƙwalwar jaririn.

Don haka:
- Kada a ajiye ko a daka dutsen rami a gida.
- Maigida ya yi wanka, ya sauya kaya kafin ya ɗauki yara.
- Kada ki ci ƙasa saboda kwaɗayin ciki.
- Kada a sa wa jariri kwallin dutse.
- A wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci.

Idan yaro ya haɗiyi irin wannan dutse, ko ya fara jijjiga, a garzaya da shi asibiti tare da dutsen. Ranar awo kuma, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya idan akwai mai aikin haƙa a gidanku. Allah ya sauke ki lafiya.