Gem ɗin Yara: Mai Hanya Ɗaya da Mai Sakin Mara

Gem ɗin da yaranmu ke bugawa a waya iri biyu ne. Akwai mai hanya ɗaya, kamar Super Mario Bros. na 1985, inda yaro ke bin mataki bayan mataki har ƙarshe. Akwai kuma mai sakin mara, kamar Minecraft na 2011, inda yaro ke haƙa ƙasa, ya yi gini, ya yi noma yadda ya ga dama.

To uwargida, na farkon yana da matsaya, kina iya cewa, "Gama wannan matakin ka ajiye." Na biyun kuwa ba ya ƙarewa, don haka ki yanka masa lokaci tun kafin ya fara, kada lokacin karatu ya wuce shi.

Allah ya shirya mana zuri'a.