Keke A Kan Hanyar Burji

'Yan'uwa manoma, tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 kuɗin kai buhun citta ko masara kasuwa a kan babur yana cinye ribar ƙaramin manomi. Lokaci ya yi da ƙungiyoyinmu na ekklesiya a Kwoi da Kachia da Kagoro za su fito da tsofaffin Raleigh da Phoenix daga bayan rumbu.

A Amurka da Ingila mutane suna sayen keke mai faɗin taya don yawon shan iska kan tsakuwa cikin daji. Mu kuwa hanyar gonarmu ke nan.

A kan burji kada a cika taya da iska tam, gama za ta riƙa tsalle tana zamewa. A rage kaɗan. In ana gangarowa daga tudu a fi dogara ga birkin baya. Fadama ita ce mai wuya. Da damina laka takan cushe tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi motsi, saboda haka a sauka a tura, kowane mai girman kai ma haka yake yi. Da an isa gida a wanke sarƙa, a shanya, a ɗiga mata baƙin mai.

Hanyar kurmi akwai inuwa, akwai ƙaya kuma. A tafi da famfo da faci da sholisho. A tafi biyu-biyu, a komo kafin rana ta faɗi.