Tabon Da Ya Ƙi Warkewa: Dajin Fata Mai Tafiyar Hawainiya

A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran ƙasar Hausa, in farin tabo ya fito wa mutum a jiki, abu biyu ne kan zo a ran jama'a. Ko dai a ce ƙyasbi ne, a sayo man shafawa a kemis, ko kuwa a shiga raɗe-raɗin kuturta, har mai tabon ya riƙa ɓoye jikinsa don gudun kada a ƙaurace masa. Amma akwai wata cuta ta uku wadda ba safai akan tuna da ita ba, saboda ƙarancinta. Likitoci na kiranta maikosis fungoidis, kuma wani irin ciwon daji ce.

Wannan cuta tana cikin dangin da ake kira limfoma, watau dajin fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. A Afirka an fi sanin 'yar'uwarta wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a ƙasar Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara cikin 'yan makonni. Ita kuwa wannan a fata take zama, kuma takan yi shekaru tana tafiyar hawainiya. Wani likitan Faransa mai suna Alibert ne ya fara bayyana ta a birnin Paris a 1806. A Amurka, inda ake ƙididdiga sosai, kimanin mutum 6 cikin miliyan ɗaya ne irin wannan daji na fata ke kamawa a shekara. Ta fi kama maza, galibi waɗanda suka haura shekara 50.

Cutar takan bi mataki uku. Da farko tabo ne shimfiɗaɗɗe, mai ɗan bushewa da ƙaiƙayi, a wuraren da rana ba ta taɓawa, kamar ɗuwawu, cinyoyi da ƙirji. Daga nan tabon kan yi kauri ya ɗaga. A ƙarshe, ga wasu kaɗan, sai ƙulli ya fito, har ya fashe ya zama gyambo. Ga baƙar fata kuwa, sau da yawa tabon yakan fito fari, kuma irin wannan yakan kama matasa har da yara. A nan ne ake rikita ta da kuturta. Bambancin shi ne, tabon kuturta yakan mutu, ba a jin taɓi a kansa, alhali wannan da ransa. Har wa yau, ba a ɗaukar wannan cuta ta cuɗanya, ko cin abinci tare, ko zaman aure.

Jinkirin cutar rahama ne, amma kuma tarko ne. Wanda aka gano tasa tun tabon bai kai kashi 10 cikin 100 na fatarsa ba, yakan yi tsawon rai daidai da tsararrakinsa, kuma yawancin irinsu cutar ba ta wuce nan. In kuwa ta kai ga ƙulli, ko ta kumbura kaluluwa, to al'amarin ya yi nauyi. Mafi tsanani shi ne nau'in da likita Albert Sezary ya bayyana a 1938, inda fata kusan duka ke yin ja, ƙwayoyin cutar kuma su bazu cikin jini. Masu wannan da yawa ba su kan wuce shekara 5 ba.

Tarkon shi ne man shafawa mai ƙarfi yakan kwantar da tabon, sai mutum ya zaci ya warke, bayan 'yan watanni kuma ya dawo. Ta haka ake cinye shekaru. Ido kaɗai ba ya tabbatar da cutar. Sai an yanki ɗan guntun fata an duba a madubin likita, wani lokaci ma fiye da sau ɗaya.

Saboda haka ma'aikaci ko ɗalibi, a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma yake ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wanda ya ga tabo ya daɗe a jikinsa ko jikin mahaifinsa, lalle ne ya fara da babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, ya faɗi tsawon lokacin tabon da duk man da aka shafa. Daga can ana iya tura shi Babbar Ruga, inda aka daɗe ana duba kuturta, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

In kuturta ce, maganinta kyauta ne, kuma ana warkewa sarai. In kuwa wannan daji ne, da wuya a raba mutum da shi ɗungum, amma ana danne shi da man likita, da hasken fitila na musamman, da gashi, mutum ya ci gaba da aikinsa da nomansa. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.